Ɗibar samfur a tulin ƙasa mai dalma: wace ƙa'ida za a bi yanzu?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum malamai. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sauke ma'aunin tantance dalma a ƙasar gidaje daga miligiram 400 a kilo zuwa 200. To ƙasar da aka kankare daga gidajen da ake niƙa dutsen zinare aka tara tuli guda, shin yadda ake ɗibar samfurinta shi ma ya canza? Samfur nawa ya isa?

Injiniyan_Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Malam, raba abu biyu tukuna. Wancan ma'auni na ƙasar da yara ke wasa a kai ne, har ma a jagorar 2024 ɗin an sauke shi zuwa 100 inda akwai wata hanyar da dalma ke shiga jiki. Tulin da za a zubar kuwa tambayarsa daban ce: dalma nawa zai tsiyaya idan ruwa ya ratsa shi? A tsarin Amurka gwajin TCLP, wato jiƙa ƙasar a ruwa mai tsami a auna dalmar da ta fito, ke amsa wannan, iyakarsa miligiram 5 na dalma a lita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebi cokali uku a saman tuli a ce an gama. Dalma ba ta bazuwa daidai, kuma idan tifa ta juye ƙasa, tsakuwa na gangarowa gindi, lallausar ƙura ta tsaya sama da tsakiya. A raba tulin kashi-kashi bisa inda ƙasar ta fito, kada ta bakin injin niƙa ta haɗu da ta tsakar gida. Kowane kashi a ɗebi aƙalla ɗiba 30 masu girma ɗaya, sama da tsakiya da gindi, ana tonawa ciki, a haɗa su samfur guda. A maimaita sau uku daga wurare daban. Idan sakamakon ukun ya yi nisa da juna, kashin ya yi girma, a sake raba shi.

Mai_Awon_XRF:
Gaskiya ne, Injiniya. Sai dai na'urar XRF ta hannu, mai auna dalma a ƙasa nan take, irin wadda aka yi aiki da ita a ƙauyukan Zamfara kamar Dareta da Bagega bayan annobar gubar dalma ta 2010, tana yaudara idan ƙasa na da danshi. Danshi ya haura kashi 20 cikin ɗari, sai ta nuna ƙasa da abin da ke ciki. A shanya, a murje, a tankaɗe da rariya mai milimita 2. In haɗarin yara ake aunawa, a sake tankaɗewa da mai maikuron 150, wato milimita 0.15, domin ƙurar da ke manne wa hannu ta fi dalma yawa. Samfur ɗaya cikin kowane 20 ya tafi ɗakin gwaje-gwaje don tabbatarwa. Inda dalma ta yi yawa kuma tana rufe alamar arsenik, wata guba daban, don haka kada a amince da adadin arsenik daga na'urar.

Hajiya_Mai_Lab:
Ku ƙara da kayan ɗiba: ƙarfen da ba ya tsatsa ko roba, ban da shebur mai fenti, a wanke tsakanin kowane kashi. Kuma in ana zargin fetur ko gas ya zuba a ƙasar, ba a haɗa wannan samfurin ko shanya shi, gubar za ta bi iska. Kwalba mai murfi, a cika ta taf, a sa cikin kula da ƙanƙara har ya iso mana.