Kuɗin hayaƙi a takardar dako: haɗari ne na gaske ko sabuwar ƙofar cin kuɗinmu?

Alhaji Mai Fata: Assalamu alaikum. Jama'a ina da magana, kuma masu boko a cikinmu nake so su amsa. Takardar dakon kwantenar kirgin da muka tura Italiya ta zo, sai ga wani layi daban a ƙarƙashin kuɗin jirgi, wai kuɗin hayaƙi. Na tambayi ejan, sai ya turo min rahoton kamfanin jirgin, shafuka rututu, cike da hotunan teku da jirage fes, wai a nan suka yi bayanin haɗarin da sauyin yanayi zai jawo musu. Ni magana ɗaya gare ni: ba a rubuta wannan rahoto don komai ba sai don a samu hujjar ƙara mana kuɗi. Wanda ya ce ba haka ba ne, ya fito.

Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Alhaji ka gama magana. Jiya kuɗin cunkoson tasha, shekaranjiya kuɗin tsadar mai, yau hayaƙi. Gobe kuɗin gishirin teku za su kawo.

Malama Akanta: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, abu biyu ka haɗa a buhu ɗaya. Layin da ka gani a takardarka doka ce ta Tarayyar Turai ta haife shi. Tun Janairun 2024 suka saka manyan jiragen ruwa cikin tsarinsu na sayen izinin fitar da hayaƙi. Jirgin da ya taso daga wata ƙasa ta waje ya sauka a tasharsu, ana lissafa masa rabin hayaƙin tafiyar. In tsakanin tasoshinsu biyu ne, duka. Kuma a hankali suka ɗora: kashi 40 cikin 100 na hayaƙin 2024, kashi 70 na 2025, daga 2026 kuwa gaba ɗaya. Rahoton kuma asalinsa daban. A 2015 ne hukumar da ke lura da lafiyar harkar kuɗi ta duniya ta kafa wani kwamiti, TCFD, don tsara yadda kamfanoni za su bayyana haɗarin sauyin yanayi, ƙarƙashin Michael Bloomberg, ya fitar da shawarwarinsa a 2017. Abin da aka ce kamfani ya bayyana huɗu ne: wa ke da alhakin lamarin a shugabancinsa, yaya zai taɓa kasuwancinsa, yaya yake gano haɗarin yana rage shi, da me yake auna kansa. Bankuna da masu hannun jari aka yi wa wannan, don su san inda suka zuba kuɗinsu.

Alhaji Mai Fata: To 'yata, ai kin taya ni. Kin ce da bakinki ba don mu aka rubuta ba. Su su karanta, mu mu biya.

Malama Akanta: Ba don mu aka rubuta ba, amma ba a hana mu karantawa ba. Wannan ƙarin da ya zo maka ba zato, kamfanonin sun daɗe suna faɗa wa masu jarinsu cewa yana tafe, kuma ba su ɓoye cewa kan masu kaya zai koma ba. Da wani a cikinmu ya leƙa, da ka saka shi a farashi tun lokacin da kuke ciniki da Baturen naka.

Mai Atamfa: Ni daga Chana kayana ke zuwa. Me ya haɗa ni da dokar Turai?

Ejan na Apapa: Yallaɓai, tambayar kenan da ya kamata a yi. In jirgi ya taso daga Ningbo ko Nansha ya zagayo ta ƙasan Afirka ya shigo Legas, babu ruwansa da wannan dokar, kuma bai kamata ka ga layin a takardarka ba. Amma akwai kayan da ake sauke su a Algeciras ta Sifaniya a sake ɗora su a wani jirgin, wannan kam ya taka ƙasar Turai. Har Turawan suka hango wayon da za a yi musu, suka ce tsayawa a Tanja ta Maroko ko Port Said ta Masar don juyen kwantena ba za ta katse lissafin tafiya ba. Saboda haka ka duba hanyar da kayanka suka bi kafin ka biya ko ka yi faɗa. Mu nan abin da ke damunmu shi ne, sau da yawa lamba ɗaya ake buga wa kowace kwantena a layi, ba a nuna maka yadda aka raba.

Alhaji Mai Riɗi: Ahaf! Nan gizo ke saƙar. Dokar gaskiya ce, na yarda, amma wa ya ga lissafin? Kamfanin da ya iya ƙirga hayaƙinsa tan-tan ya buga a littafi, ya kasa gaya min nawa ya biya Turai a kan jirgin da ya ɗauki kwantenata, nawa kuma ya tara daga hannunmu?

Injiniya: Alhaji, ba kai kaɗai ke wannan zargin ba. A 2024 wata ƙungiyar kare muhalli ta Turai, Transport & Environment, ta bi tafiye-tafiyen jirage masu yawa, ta ce a mafi yawansu abin da manyan kamfanonin suka caji masu kaya ya fi abin da dokar za ta ci musu. Kamfanonin sun musanta yadda aka yi lissafin. To amma ka lura, da me ƙungiyar ta kama su? Da alƙaluman hayaƙin da doka ta tilasta musu bayyanawa. Ba don bayyanawar ba, da ko zargin ba za a iya tsayarwa ba.

Sai dai zan bar Malama a wani wuri. Ni ɓangaren alkawuran ne ban cika sakin jiki da shi ba. Ɗauki kamfanin jiragen ruwa na Maersk na Denmark, wanda reshensa ke riƙe da tashar kwantena ta Apapa. A 2022 suka ce nan da 2040 za su kai matsayin da hayaƙinsu ba zai ƙara wa duniya komai ba, shekara goma kafin wa'adin da hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta sa wa kowa, wato wajejen 2050. A 2023 suka ƙaddamar da Laura Maersk, jirgin kwantena na farko mai iya aiki da metanol, wani makamashi da ake sa ran zai rage hayaƙi. Madalla. Amma mai iri biyu injinsa yake sha, metanol ko man da aka saba, kuma metanol ɗin da ake samarwa ba daga gas ko kwal ba har yanzu kaɗan ne, ga tsada. A 2024 da suka tashi sabunta jiragensu, har da masu amfani da iskar gas suka saka a oda. Ba ina cewa ƙarya suke ba. Ina cewa hoton jirgi sabo a bangon rahoto abu ɗaya ne, abin da aka zuba a tankinsa jiya kuma sai ka shiga can cikin tebura kafin ka gani.

Hajiya Mai Zoɓo: Ku yi haƙuri, ni duk wannan metanol ɗin bai dame ni ba. Tambayata: haɗarin ma akwai shi, ko dai tatsuniya ce? Teku dai tana nan inda take.

Injiniya: Hajiya akwai shi. Mashigin Panama ba da ruwan teku yake aiki ba, da ruwan sama ne da ya taru a tafkin Gatun. Duk jirgin da ya wuce, ruwa mai daɗi kusan lita miliyan 200 ake saki. A 2023 fari ya kama su, tafkin ya ja baya, jiragen da ake bari su wuce a rana suka sauko daga wajen 36 zuwa 22 a Disamba. Har gwanjon layi aka riƙa yi, wani kamfanin Japan ya biya kusan dala miliyan 4 don kawai ya tsallake jira. Maersk kuwa a farkon 2024 sai ta koma sauke kwantenonin wani layinta a gaɓa ɗaya, jirgin ƙasa ya ƙetare da su, wani jirgin ya kwasa a ɗaya gaɓar. Ga kuma Durban ta Afirka ta Kudu a Afrilun 2022, ruwa ya kashe mutum sama da 400, ya yi awon gaba da kwantenoni, hanyar shiga tashar ta yanke. Amma in za a yi adalci, masanan da suka bincika farin Panama sun fi ɗora shi a kan El Nino, wancan ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke zuwa yana komawa. Ba duk abin da ya faru ne za a rataya wa sauyin yanayi ba.

Mai Atamfa: Yawwa. Kuma abin da ya fi tayar da kuɗin dako a 'yan shekarun nan ai ba rana ba ce, ba ruwa ba. 'Yan Houthi na Yaman ne da suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, jirage suka guje wa Suwez suna zagaye Afirka. Nan ba a tuna da hayaƙi ba? Tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, aka ƙara wuta don a cike lokaci, man da aka ƙona ya ƙaru. Da riba ta kira, kowa ya ajiye littafinsa.

Malama Akanta: Yaya, da ran ma'aikatan jirgi fa ake magana, ba riba kaɗai ba. Kuma ƙarin hayaƙin ai ya fito a alƙalumansu, shi ya sa ma ka san da shi.

Alhaji Mai Riɗi: Ku bar Panama da Durban, ku dawo gida. Ni abin da ya fi ci min rai, haɗarin nasu a bakin ƙofar tasha yake tsayawa. Kayana daga Dawanau suke tashi, tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin su ga teku. A Oktoban 2022 da ruwa ya shanye hanya a Koton Karfe ta jihar Kogi, tireloli suka yi jerin gwano ba gaba ba baya, har mai ya yanke a Abuja. Riɗina yana cikin kwantena a wannan layin, direba yana kirana yana cewa ga ruwa nan iya tayoyi, kuɗin abincinsa ya ƙare. Jirgin da aka yi mana alkawari ya tafi, mai saye ya fara ƙorafi, kwanakin da aka ba mu kyauta na riƙe kwantena suka ƙare, dimarej, wato kuɗin jinkiri, ya hau ƙirgawa da dala. Da muka kai kuka ofishin kamfanin, wani yaro mai ladabi ya ce yana tausaya mana, amma na'ura ce ke lissafi. To ina wannan a rahoton? Ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, su a wajensu ba ta zama haɗari ba tunda ba jirginsu ta taɓa ba. Ga ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, ita ma kan hanyar Legas take.

Hajiya Mai Zoɓo: Wallahi haka ne. Mu kuma danshi. Zoɓo in ya daɗe a rufe cikin ƙarfe da damina, launinsa ya dushe, ya fara fumfuna, mutumin Meziko ba ya jin wani uzuri.

Malama Akanta: A nan kam ba ni da ja, Alhaji. Tambayar da rahoton ke amsawa ita ce me yanayi zai yi wa kuɗin kamfani, shi ya sa haɗarin da suka riga suka tura kanka ta takardar yarjejeniya ba ya fitowa a matsayin nasu. Amma fa mu ma abin yana zuwa gidanmu. Kwamitin TCFD ya naɗe tabarmarsa a 2023, aikin ya koma ƙa'idar lissafi ta duniya, IFRS S2, kuma Najeriya na cikin na farko da suka ce sun karɓa. A jadawalin hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, daga 2028 zai zama dole ga manyan kamfanoni da bankuna. Bankin da aka tilasta wa bayyana haɗarinsa, kai zai juyo ya tambaya: sitonka yana kan hanyar ruwa? Bayan ambaliyar da aka yi a kasuwar Kantin Kwari a Agustan 2022, wannan tambayar ba ta raini ba ce.

Mai Atamfa: Kar ki tuna min. Dilolin atamfa muka riƙa shanyawa a kan rufi. Amma wannan magudanan ruwa aka gine, ba Turai ce ta jawo ba.

Ejan na Apapa: Abin da zai rage wa Alhaji Mai Riɗi zafi ai yana Zawaciki. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Janairun 2023, manufarta kenan, a yi kwastan a Kano, a rufe kwantena a Kano. Ranar da kamfanin jirgi ya yarda ya rubuta Kano a takardar lodi a matsayin inda ya karɓi kaya, daga ranar jinkirin hanya ya shiga lissafinsa shi ma. Lokacin za ku ga Koton Karfe ta fito a rahoto.

Alhaji Mai Fata: Kuma lokacin za ku ga sabon layi a takarda, kuɗin ambaliya.

Injiniya: Zai iya yiwuwa, ranka ya daɗe. Ko harajin hayaƙi na duniya baki ɗaya da IMO ta amince da daftarinsa a Afrilun 2025, da aka zo tabbatarwa a Oktoba ɗage shi aka yi shekara guda, bayan Amurka ta matsa. In ya tabbata wata rana, Mai Atamfa ma ba zai tsira da cewa daga Chana kayansa suke ba.

Alhaji Mai Fata: To na rage kaɗan, ban janye ba. Haɗarin akwai, dokar akwai. Amma har yanzu ba wanda ya nuna min cewa abin da aka karɓa a hannuna shi aka kai Turai. Malama, ki rubuta mana takarda da sunan ƙungiya zuwa Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Najeriya, a ce duk kamfanin da ya saka layin hayaƙi ya haɗo da hanyar da jirgin ya bi da yadda ya raba kuɗin. Kowa ya turo tsofaffin takardunsa a haɗa.

Alhaji Mai Riɗi: A saka maganar dimarej na lokacin ambaliya a ciki, in ba haka ba ba zan sa hannu ba.

Mai Atamfa: Ni zan sa hannu, amma takarduna ba za su fito ba. Farashin da nake sauke kaya a kai ba na zuba shi a zaure, rabin mutanen nan layinmu ɗaya a kasuwa.