Me za mu kira "peer review" a Hausa? Muƙalar Kano na jiran a tsayar da sunan aikin

Edita daga Fagge: Assalamu alaikum. Ana so a buɗe shafi a Wikipedia ta Hausa inda mai muƙala zai nemi wasu editoci su karanta aikinsa su nuna masa gyara, wato abin da ake kira "peer review" a Turanci, kuma da muƙalar birnin Kano za a fara. Sunayen da aka kawo su ne tantancewa, duban tsara da bitar takwarori. Wanne ya dace?

Malama daga Zariya: Wa alaikumus salam. A cire tantancewa tukuna. Wanda aka tantance ko ya wuce ko ya faɗi, kamar masu neman aiki. Wannan aikin ba ya ba da maki. A ajiye kalmar don ranar da za a yanke ko muƙala ta kai matsayin mai kyau. Duba kuma tana kai hankali wajen malamin duba, tsara kuwa maganar shekaru ce. Ɗalibi ɗan shekara 20 yana iya kama kuskuren farfesa in ya buɗe madogara, wato littafi ko rubutun da aka ɗauko bayanin daga ciki.

Edita daga Damagaram: Malama ta yi daidai. Bita ta zauna, kowa ya san bitar karatu. Takwara ce ba ta kwanta mini ba: a rediyo shugaba ne ke ganawa da takwaransa, wato mai muƙami irin nasa, editoci kuwa ba muƙami ya haɗa su ba. Ina ba da shawarar bitar abokan aiki.

Sunan ya dace da yadda ake yin abin. Mai nema zai sa buƙata a shafin tattaunawa ya faɗi sashen da ke damunsa. Mai bita zai bi jimla jimla, duk inda aka kawo shekara ko adadi ya buɗe madogara ya gani ko ta faɗi haka. Sai ya rubuta tsokaci ɗaya ɗaya da lamba, mai muƙala ya amsa a ƙarƙashin kowanne: an gyara, ko ga dalilin barinsa.

Malama daga Zariya: A muƙalar birni, wurin da aka fi zamewa shi ne haɗa birni da jiha. Mutum miliyan 9.4 na ƙidayar 2006 na jihar Kano ne mai ƙananan hukumomi 44, ba na birnin ba. Haka 1967 shekarar kafa jiha ce, kada ta shiga akwatin bayani, wato taƙaitawar da ke saman muƙala, a matsayin kafuwar gari. Sai tarihi: a raba zamanin Sarki Gijimasu da aka fara ganuwa da na Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, da aka kafa kasuwar Kurmi, sannan shigowar Turawa a 1903. Kirari irin "ta Dabo tumbin giwa" a kawo shi a matsayin kirari da madogararsa, kada ya zama muryar muƙalar. A duba ƙugiya ma: Ƙofar Mata, ba Kofar Mata ba.

Edita daga Fagge: Na gode, Malama. To wanda ya yi aikin fa, da abin da ya rubuta?

Edita daga Damagaram: Mai bita, jam'i masu bita. Abin da ya rubuta tsokacin bita. Sharhi ya fi kama da ra'ayi a jarida, a bar shi.

Edita daga Fagge: An tsaya a kan bitar abokan aiki. Za a buɗe shafin da wannan suna, sashen yawan jama'a ne farkon wanda za a sa a gaba.