password_verify yana ƙin kalmar sirri ko da daidai ce

ɗan_koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyara wa wata Islamiyya shafin da iyaye ke shiga su duba sakamakon 'ya'yansu, da PHP da MySQL aka gina shi. Da md5 (tsohuwar hanyar rikiɗa kalma zuwa wasu haruffa na daban) ake adana kalmar sirri a da, sai na mayar da shi password_hash, hanyar da PHP ya tanada don wannan aikin. Rajista lafiya lau take tafiya, amma wajen shiga password_verify, mai tantance kalmar da aka rubuta, kowa yake kora, ko da kalmar daidai ce. Ga ƙarshen zango ya matso, iyaye sun fara tambaya. A taimaka don Allah.

mai_sabar:
Wa alaikumus salam Malam. Duba gurbin kalmar sirri a teburinka. Ina kyautata zaton VARCHAR(32) ne, wato haruffa 32 kawai yake ɗauka, tunda md5 haruffa 32 yake fitarwa. Shi kuwa bcrypt da password_hash ke amfani da shi 60 ne. Wani MySQL ɗin, gwargwadon saitinsa, yanke sauran yake yi shiru ba tare da ya yi ƙorafi ba. Mayar da shi VARCHAR(255), haka masu PHP da kansu suka ba da shawara. Waɗanda aka riga aka yanke wa nasu kuwa, sai dai su saka sabuwa, babu hanyar dawo da ita.

Kuma kar ka koma md5 don gaggawa. Saurinsa ne illarsa: in aka sace rumbun bayanan, ɓarawo zai gwada kalmomi bila adadin cikin daƙiƙa.

malama_injiniya:
Tunda bayanan yara ne, bari in ƙara. Da zarar mutum ya shiga, kira session_regenerate_id(true) don a sauya masa lambar zamansa a shafin (session) da sabuwa. Sunan da aka rubuta a fom kar ka liƙa shi kai tsaye cikin SQL (umarnin da ake aika wa rumbun bayanai), yi amfani da prepare na PDO, wanda ke raba umarnin da abin da mutum ya rubuta. Sannan saƙon kuskure ya zama ɗaya: "suna ko kalmar sirri ba daidai ba". In ka ce "babu wannan sunan", ka nuna wa mai neman kutse waɗanda ke da asusu.

ɗan_koyo:
Wallahi 32 ne! Na gyara, ya yi. Allah ya saka da alheri. To tsofaffin iyayen da nasu ke md5 fa?

mai_sabar:
Amin. Ranar da kowannensu ya shiga, gwada kalmarsa da md5 ɗin, in ta dace ka sake adana ta da password_hash nan take. Wanda zango ya wuce bai leƙo ba, goge tsohuwar ka aika masa hanyar saka sabuwa.