An ce 'yar yayana ta girmi makarantar sakandare a New York, ina mafita?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Yayana da iyalinsa sun iso daga Nijar wata uku ke nan, suna zaune a gidana a New York, sun shigar da takardar neman mafaka ba a amsa ba tukuna. Yarinyarsu shekararta 17, saura shekara guda ta rubuta BAC, wato jarrabawar gama sakandare ta Nijar, yaron kuma 8. Mun je wata makaranta, ma'aikaciyar ta ce sai da takardar haya da sunan uban, ta kuma ce yarinyar ta yi girma, gara ta shiga ajin manya na dare. Yarinyar nan burinta jami'a, kullum cikin kuka take. Don Allah ku ba mu shawara.

Malama: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, doka tana bayanku. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plyler, wadda ta taso daga Texas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa ko na iyayensa. Abin da makaranta za ta nema uku ne: shaidar shekaru, shaidar adireshi, da katin rigakafi. Takardar haihuwa ta Nijar ko fasfo ya wadatar. Ba dole ba ne ku ba da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa.

Batun haya kuwa, tunda a gidanki suke, akwai fom na shaidar zama da ake cikewa, ki haɗa da takardar hayarki da ta kuɗin wuta. In kuma rashin hali ne ya sa suka raɓe a wurinki, ku faɗi haka ƙarara. Dokar McKinney-Vento ta tilasta a karɓi irin waɗannan yaran nan take, takardu su biyo baya. Mutanenmu kan ji nauyin furta wannan, alhali shi ne yake buɗe ƙofar.

Kawu: Ƙari a kan na Malama. Yaron ku kai shi firamaren unguwarku kai tsaye. Ita yarinyar ba a ƙofar makaranta ake yi mata rajista ba, ofishin Family Welcome Center ne ke sanya 'yan sakandare. A jihar New York yaro na da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen shekarar karatun da ya cika 21, muddin bai karɓi shaidar gama sakandare ba. Mai 17 tana da sauran lokaci sosai. Duk wanda ya ce ba za a karɓe ta ba, ku nemi ya rubuta muku dalilinsa da sa hannu.

Hajiya: Ni inda nake jin tsoro shi ne wurin sanya ta aji. Sakandare a nan daga aji 9 zuwa 12 ne, kuma ba da shekaru ake hawa ba, da makin darussa ne, wato makin da ake ba ɗalibi kan kowane darasin da ya kammala ya ci. A makarantun birnin New York maki 44 ake tarawa kafin a yaye ɗalibi. In ta je hannu rabbana, sai a ɗauka ba ta da ko ɗaya a mayar da ita aji 9, aikin shekara biyu ko uku ya tafi a banza. Yau ɗin nan ku kira gida, a je tsohuwar makarantarta a karɓo sakamakon kowane zango na shekaru ukun baya, mai hatimi da sa hannun shugaba, a turo hotonsa kafin na asalin ya iso. A tabbata sunan kowane darasi ya fito, in da hali har da awoyinsa a mako, don da su mai ba ɗalibai shawara zai lissafa makin. Ku duba rubutun sunanta da ranar haihuwa su dace da na fasfo, harafi ɗaya yakan ja jinkirin makonni.

Za a tambaye ku harshen da ake yi a gida, sannan a gwada Turancinta. Ku faɗi gaskiya, Hausa da Faransanci. Ba aibi ba ne, shi zai sa ta samu malamin Turanci na musamman. Kuma ku nemi tafinta, kyauta ne. Kada a sa yarinyar ta yi wa ubanta fassara a zancen da ya shafe ta.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. To kuɗin jami'a fa? An ce mu cike FAFSA.

Malam: Ba yanzu ba, Maman Biyu. FAFSA fom ne na tallafin gwamnatin tarayya, irin su Pell Grant, kuma na 'yan ƙasa ne da masu girin kad (katin zama na dindindin) da 'yan gudun hijira da waɗanda aka riga aka ba mafaka. Wanda takardarsa ke jiran amsa bai shiga ba. Ranar da aka amince musu, lissafin ya canza.

Amma jiha na da nata. Dokar DREAM ta New York, ta 2019, ta buɗe tallafin jiha na TAP ga ɗalibin da ya yi shekara biyu a sakandaren jihar, ya gama, ya nemi jami'a cikin shekara biyar. Shi ya sa a ganina kada ku matsa a jefa ta aji 12 don ta gama da wuri. Aji 11 ya fi mata: ta cika shekara biyun, Turancinta ya nuna, ta samu malaman da za su rubuta mata shaida. Wannan doka ta New York ce kaɗai, in sun koma wata jiha sai an sake bincike.

Abu guda da zan roƙe ku: a kowane fom, kada ta taɓa zaɓar gurbin da ke cewa ita 'yar Amurka ce, ko bisa kuskure. Yana iya lalata musu shari'ar gaba ɗaya. Duk tambayar da ta shafi matsayin zama, lauyan da ke riƙe da takardarsu ya gani kafin a sa hannu.

Malama: Na manta rigakafi. In katin bai cika ba, ana ba da kwana 14, ga wanda ya zo daga wata ƙasa a iya ƙarawa zuwa 30. Ku je asibiti a makon nan a yi allurar farko, ku kai wa makaranta takardar ranar da za a yi ta gaba.