Na tace reshe a Power BI, teburin ciniki ya bi, na sito ya ƙi

Mai Lissafi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe da lissafin wani shagon takin zamani da iri mai rassa uku, Kano, Zariya da Gusau. Na haɗa rahoto a Power BI, manhajar haɗa rahoton bayanai, daga fayilolin Excel biyu: ɗaya na ciniki, ɗaya na kayan da suka rage a sito. Silaisar zaɓen reshe kuwa, wato akwatin da ake dannawa a tace rahoto, daga teburin ciniki na ɗauko ta. In na danna Zariya, ciniki sai ya sauko daidai, amma buhunan yuriya na sito ko gezau, jimillar rassa ukun ce ke zaune. Makon jiya oga ya duba ya ga Zariya cike take da kaya, ya hana a tura mota. Washegari aka kira, ko buhu ɗaya babu. Na sha faɗa. Dukkan teburan biyu suna haɗe da teburin sunayen kaya, to me ya hana tacewar wucewa?

Ɗan Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Shiga shafin alaƙoƙi, danna sau biyu a kan layin da ya haɗa teburin ciniki da na sunayen kaya, ka mayar da alkiblar tacewa daga Single (gefe ɗaya) zuwa Both (gefe biyu). Shi ke nan.

Hajiyar Rahoto: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin bin wannan. Ko ka mayar da shi Both, abin da zai ratsa zuwa sito shi ne jerin kayan da aka sayar a Zariya, ba reshen kansa ba. Wato za ka ga yuriyar Kano da ta Gusau duk a haɗe, lamba ta ɗan motsa, ka ɗauka an gyara. Wannan ya fi na yanzu haɗari, don na yanzu ko makaho ya lura.

Tacewa tana gangarowa ne daga ɓangaren "ɗaya" (teburin da kowane suna ya zo sau ɗaya) zuwa ɓangaren "da yawa" (teburin da suna ke maimaituwa), kamar ruwa daga tudu. Ciniki da sito duk a kwari suke. Ka ƙirƙiri ƙaramin tebur na rassa, layi uku kacal, kowane suna sau ɗaya. Haɗa shi da ciniki, haɗa shi da sito, ka bar su a Single. Sai ka cire tsohuwar silaisar ka ɗauko sabuwa daga wannan ɗan teburin. Haka za ka yi da kwanan wata in kana tacewa da wata. In rahoton shafuka da yawa ne, buɗe Sync slicers a ƙarƙashin View don zaɓin ya bi ka duk shafin da ka shiga.

Mai Lissafi: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Kano da Gusau sun hau. Zariya ce ta fito babu komai a sito, ga kuma wani zaɓi mara suna ya ɓullo a silaisa.

Hajiyar Rahoto: Duba rubutun. Na tabbata mai sitonku "Zaria" yake rubutawa, kai kuma "Zariya". Gyara shi a Power Query, wurin gyaran bayanai na Power BI, da Replace Values, ka bi da Trim saboda sararin da ake bari a jikin suna. Ka kuma ba kowane reshe lamba, ka daina haɗawa da suna.

Mai Lissafi: Wallahi haka ne, har da "Zariyya" a layi shida. Zaɓi mara sunan ya ɓace.