In na yafe masa, na yafe masarata ke nan?

Maman Tagwaye:
Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina so ku taya ni dubawa. Kun san hatsi nake sayarwa a kasuwar Saminaka. Damina biyu da suka wuce, cikin watan Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa masara ta yi tsada, wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya zo rumfata ya ce gidansa ko tsaba babu. Na ba shi buhu biyu, ya ce da kaka zai biya. Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ban ga masara ba, ban ga kuɗi ba, ko "ki yi haƙuri" ban ji ba. In ya hango ni a ƙofar majami'a sai ya karkata ya bi ta ɗaya ƙofar. Ranar Lahadi na kai kukana wurin ɗaya daga cikin dattawanmu, ya ce mini Kirista in ya gafarta ya gafarta duka, ba ya sake waiwayar kuɗinsa. Na koma gida jikina a sanyaye. Allah ya sani ba na nufinsa da sharri, amma buhu biyun nan jarina ne. In na sake tambayarsa, gafarata ta zama ta fatar baki ke nan?

Baban Mawaƙa:
Mama, sannu da haƙuri. Ni dai ina bayan dattijo. Ki buɗe Luka 6:34-35. Ubangiji ya ce in waɗanda muke sa ran za su biya kaɗai muke ba rance, me muka yi da ya fi na kowa? Masu zunubi ma suna yin haka. Ya ce mu ba da rance ba tare da sa zuciya ga biya ba. Maganar tana da nauyi, amma ba ni na faɗe ta ba. Ni ma akwai wanda ya tafi da kuɗin ɗinkina shekara huɗu ke nan. Ranar da na yage takardar da na rubuta sunansa, a ranar na fara samun barci mai daɗi.

Ma'aji:
Baba, da girmamawa, Littafin da ke da Luka 6 shi ne ke da Zabura 37:21, inda aka ce mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Shi ne kuma ke da Romawa 13:8, kada hakkin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna. Me ya sa duk lokacin da maganar bashi ta taso a ikkilisiya, wa'azin kan wanda aka cuta yake sauka? Shekara tara ina riƙe da littafin kuɗi. A gabana adashen mata ya watse sau biyu, ba don talauci ba, sai don mutum biyu ko uku sun kwashi nasu sun daina zubi, aka ce kada a yi magana don zumunci. Gwauruwar da ke ƙarshen layi ita ta tashi hannu banza. Mutanen nan in ɗan kasuwar da ba su haɗa majami'a da shi ba ne ke binsu, ranar alkawari suke biya, don sun san zai zo ya tsaya a ƙofa. Ɗan'uwa kuwa sun san an ɗaure masa baki da aya.

Ɗalibin Tauhidi:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. A Addu'ar Ubangiji muna cewa a gafarta mana laifofinmu. A Matiyu 6:12 kalmar da ke cikin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ita ce basussuka. Wato Yesu da kansa da hoton bashi ya koya mana gafara, don haka da wuya mu ce gafara daban, kuɗi daban. Ku tuna misalin bawa marar tausayi a Matiyu 18. Sarki ya yafe masa talanti dubu goma, shi kuma ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000. Ba za a taɓa biyan na farkon ba ko an yi rai goma. Shi ne namu a gaban Allah.

Malamar Asibiti:
Ƙanena, lissafinka daidai ne, amma ka ƙarasa shi. Dinari 100 ladan aikin fiye da wata uku ne. Ubangiji bai ce ba komai ba ne. Sannan ka sake karanta wurin a hankali. Bawan farko ya durƙusa ya ce a yi masa haƙuri zai biya. Na biyun ma haka ya ce. Dukansu sun yarda ana binsu, sun buɗe baki sun roƙa. Laifin mugun bawa shi ne an roƙe shi ya ƙi ji, ya shaƙe wuya, ya kai kurkuku. Mama ba ta shaƙe kowa ba. Wanda take bi kuwa ko gaisuwa ya daina. Ta yaya za ka yafe wa mutum abin da yake nuna kamar bai taɓa faruwa ba?

Baban Mawaƙa:
A kan gicciye wa ya roƙi gafara kafin Yesu ya ce Uba ka gafarta musu?

Malamar Asibiti:
Babu, Baba, kuma shi ya sa na yarda Mama ta sauke ƙiyayya tun yau, ko ya roƙa ko bai roƙa ba. Wannan tsakaninta da Allah ne. Abin da nake tsoro shi ne halin da shi mutumin yake ciki. Shekara biyu yana zagaye ƙofa. Da wace zuciya yake miƙa hannu ranar Jibin Ubangiji, ya karɓi gurasa da ƙoƙo tare da 'yan'uwa? A wurin aikinmu, in miki ya rufe baki da ruwa a ciki, ba ma cewa ya warke. Shirunmu yana barinsa da ciwonsa ne, muna kiran abin haƙuri.

Auta:
Ni fa a ganina a daina dogon zance. Mama ta kai shi wurin 'yan sanda ko kotu. In ya kwana ɗaya a can masara za ta fito.

Baban Mawaƙa:
A'a ɗana, wannan kam an hana mu. 1 Korintiyawa 6. Bulus ya tsawata wa ikkilisiya a kan ɗan'uwa yana kai ɗan'uwa ƙara a gaban waɗanda ba masu bi ba. A aya ta 7 har ya tambaye su, ba gara a cuce ku ba? Ma'aji, ka ji.

Ma'aji:
Na ji, Baba, kuma ban goyi bayan kotu ba. Amma ku sauka aya ta 8, inda ya juya kan masu cutar ya ce ku kanku kuke zaluntar 'yan'uwanku. Ku kuma hau aya ta 5, inda yake tambaya ko babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya sasanta 'yan'uwa. Bulus bai ce a binne magana ba. Cewa ya yi a yanke ta a gida. To gidan namu ya yanke? Dattijo ya sallami Mama da jimla ɗaya, bai ko kira ɗayan ya ji ta bakinsa ba. In mun hana mutane kotu, mu kuma mun ƙi zama mu saurare su, ina muke so su je?

Kaka:
'Ya'yana, jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Duk na ji ku. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni na ci, an kuma ci nawa. Maman Tagwaye, 'yata, tambaya ɗaya zan yi miki, kada ki ji haushina. Kin gaya wa dattijo, kin gaya mana. Shi fa, kin taɓa zama da shi ku biyu kin gaya masa?

Maman Tagwaye:
Kaka, gaskiya ban taɓa ba. Bayan kaka ta farko na aiki yaro sau ɗaya, aka ce ba ya nan. Daga nan nauyi ya kama ni. Amma maƙwabtana uku a layin hatsi duk sun san labarin, ni na ba su. Da kika tambaya sai na ji kunya ta rufe ni.

Kaka:
To kin gani. Matiyu 18:15 bai fara da dattawa ba, bai fara da kasuwa ba. Ya ce ki je ki same shi ku biyu kaɗai. Abin da kike kira haƙuri, rabinsa nauyin baki ne, kuma maganar da ba ta fita ta gaba ba ta baya take fita. A Maimaitawar Shari'a 24 Allah ya koya wa mai bin bashi ladabi. Ya ce kada ka shiga ɗakin mutum ka ɗauko jingina, ka tsaya a waje ya fito maka da ita. Ya ce kada ka karɓi dutsen niƙa, don abin da gidan ke ci da shi ke nan. Da neman bashi zunubi ne, ai ba za a koya mana yadda ake yinsa ba. Ki je da yamma, ba ranar Lahadi ba, ba kuma a gaban 'ya'yansa ba. Ki gaisa da matarsa tukuna. Kada ki tafi da littafi a hannu.

Ɗalibin Tauhidi:
Kaka ta tuna mini da Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Yesu ya karɓe shi tun bai mayar da ko kwabo ba, amma da ceto ya shiga gidan, bakinsa ne ya ce zai mayar ninki huɗu. Na janye rabin maganata ta ɗazu. Rabin da ban janye ba shi ne, in Mama ta tarar babu, to Luka 6 na nan yana jiranta.

Maman Tagwaye:
'Yan'uwa, na dawo muku da labari. Shekaranjiya da la'asar sakaliya na je. Na tarar da matarsa tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta gan ni sai rariyar ta tsaya a hannunta. Muka gaisa, ta shiga ta kira shi. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai zauna a kujera ba, turmi ya kifa ya zauna a kai, ya cire hula yana murza ta. Ban ce komai a kan masara ba, cewa na yi na gaji da ganinsa yana canza ƙofa saboda ni. Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce kakar farko abin da ya noma a jinyar ɗansu ya tafi, kuma na san yaron ya kwanta, mun ma yi masa addu'a a zumuntar mata, ban dai haɗa abin da bashina ba. Kaka ta biyu ya samu, shi ya faɗa da bakinsa, amma ya ce kunyar shekara guda ta riga ta yi masa katanga, kullum sai ya ce gobe. Na roƙe shi gafara a kan yaɗa maganarsa da na yi a kasuwa. Na ce buhu ɗaya na shekarar jinya na bar masa har abada. Ɗayan kuwa zai riƙa kawo mudu goma duk ranar kasuwa.

Baban Mawaƙa:
Mun gode wa Allah da kika je, Mama. Amma zuciyata ba ta kwanta da buhu na biyun ba. Mutum ya zauna a kan turmi a gabanki ya faɗi laifinsa. Nan ne daidai inda sarkin cikin misali ya yafe duka. Ke da kanki kin san Luka 6:38 fiye da mu, mudun da aka danna aka girgiza har yana zuba.

Ma'aji:
Ni kuma da ni ne, da na bar shi ya biya duka biyun a hankali. Mutumin da ya biya bashinsa da guminsa yakan ɗaga kai ya shiga ta kowace ƙofa. Wanda aka yafe wa kawai, wani lokaci kunyar ba ta sakinsa.

Maman Tagwaye:
Baba, na yi tunanin barin duka, har na fara faɗa. Shi ya tare ni ya ce in na yi haka ba zai iya sake zuwa rumfata ba ko yunwa za ta kashe su. Yau da safe ya zo da kansa, bai aiko yaro ba. Mudu shida ya kawo a cikin tsohon buhun taki, ya ce goman ba ta samu ba. Na miƙa masa mudun ya auna da hannunsa, maƙwabtan nan nawa uku suna kallo. Na buɗe littafi na rubuta shida, na ce ya gaishe mini da mai jiki.