Orijinalizim: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Da wuya a kawo labarin Kotun Ƙolin Amurka ba a ambaci orijinalizim ba, aƙidar da marigayi Mai Shari'a Antonin Scalia ya yi fice da ita. Wasu na rubuta "ra'ayin riƙau", wasu "asalanci". Wanne za a ɗauka?

Barista: Wa alaikumus salam. Ra'ayin riƙau ya yi faɗi, sunan ɓangaren siyasar ne gaba ɗaya. Wannan kuwa hanya ce guda ta karanta tsarin mulki: kowace kalma tana nan da ma'anar da jama'a suka san ta da ita lokacin da aka amince da ita. A shari'ar Heller ta 2008, Scalia sai da ya buɗe ƙamusoshin ƙarni na 18 don gano abin da "ɗaukar makami" ke nufi a 1791, shekarar da aka amince da gyara na 2 ga tsarin mulkin, mai magana kan makami. Alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa mutum na da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa. Asalanci kuma, kunnen Bahaushe zai tafi ne ga maganar ɗan asalin jiha da takardar ƙaramar hukuma.

Malamin fiƙihu: Barista, me zai hana "zahiranci"? Zahirawa, mabiya Dawud da Ibn Hazm, ai a kan lafazin nassi suka tsaya.

Barista: Allah gafarta Malam, kusa ne amma bai kai ba. Zahirawa sun ƙi ƙiyasi, masu orijinalizim kuwa suna yin sa. A shari'ar Kyllo ta 2001, jami'an gwamnati sun auna gidan wani daga waje da na'urar gano zafi, suna zargin yana noman wiwi a ciki. Babu wannan na'ura a 1791, lokacin da aka amince da gyara na 4 mai magana kan binciken gida, amma Scalia ya ce binciken gida ne, sai da takardar izinin kotu. A bar "bin lafazi" ga ɗan'uwan orijinalizim, salon da ake amfani da shi kan dokokin majalisa.

'Yar jarida: To "bin niyyar magabata" fa?

Malamin jami'a: Hajiya, nan ne tarkon. Tsohon salon ke nan, wanda ministan shari'a Edwin Meese ya tallata a 1985. Masu suka suka ce niyyar wa? Wakilai 55 suka halarci taron rubuta tsarin mulkin a Filadelfiya a 1787, 39 suka sa hannu, sannan jihohi suka yi nasu tarukan amincewa, kowa da abin da ke ransa. Shi ya sa aka bar niyya aka koma ga ma'anar da mai karatu na wancan zamani zai fahimta. Dole kalmar "ma'ana" ta fito a sunan. A kuma guji "tawili", don tana ɗauke da ƙanshin murɗa magana, abin da masu wannan aƙida suke zargin abokan hamayyarsu da shi.

Barista: Haka ne. Hujjarsu ita ce sauya doka nauyi ne na wakilan jama'a, ba na alƙalai 9 da ba zaɓarsu aka yi ba. Mai son canji ya bi Sashe na 5 na tsarin mulkin: kashi biyu cikin uku na majalisun biyu, da amincewar jihohi 38 cikin 50. Gyara 27 kacal aka taɓa yi, kuma wahalar nan ita ce babbar hujjar ɗaya ɓangaren, masu "tsarin mulki mai tafiya da zamani". Shawarata: "riƙo da ma'anar asali", mabiyansa "masu riƙo da ma'anar asali".

'Yar jarida: Ya yi tsawo a kanun labari. "Ma'anar farko" fa?

Malamin jami'a: "Farko" zai sa a zaci komai 1787 ake komawa. Kowane gyara da lokacinsa: na 2 a 1791, na 14, wanda ta hanyarsa ake ɗora haƙƙoƙin kan jihohi, a 1868, kuma su kansu suna jayayya kan wace shekara za a duba idan jiha ake ƙara. A kanu a rubuta "'yan ma'anar asali", a cikin labari a kawo cikakken sunan sau ɗaya.